Garantin Sabon Gida a Ingila: Sharhi Kan Yadda Kamfanin da Ya Gina Mana Gida Yake Tafiyar da Gyare-gyare

Kusan duk wanda ya sayi sabon gida a Ingila daga hannun kamfanin gine-gine, ana haɗa masa da garanti na shekara 10, kuma wannan garantin yana cikin manyan dalilan da suke sa mutane irinmu, waɗanda suka zo ƙasar da girmansu ba su san sirrin tsofaffin gidajenta ba, su yarda su biya kuɗin da ya fi na gidan da wasu suka taɓa zama a ciki. Ni da uwargidana mun sayi namu a wata sabuwar unguwa da ke tsakiyar Ingila, kuma yanzu da shekara biyun farko suke gab da ƙarewa, ina ganin na tara abin da zan faɗa game da sashen kamfanin da ke kula da masu saye bayan an miƙa musu mabuɗi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin manufata ita ce 'yan'uwa masu shirin saye su san abin da za su tarar da kuma yadda za su ɓullo masa. Gidan yana da kyau, garantin kuma na gaskiya ne, amma sashen gyaran yana da jan ƙafar da ke iya cinye wa mutum wa'adinsa idan bai tashi tsaye ba.

Dole a fara fahimtar yadda garantin yake, domin rabin ɓacin ran da na gani a wurin maƙwabtanmu ya samo asali ne daga rashin sanin wanda nauyin gyara yake wuyansa. Garantin da ya fi yawa a sababbin gidajen Birtaniya shi ne Buildmark na hukumar NHBC, mai shimfiɗa ƙa'idojin gini da bayar da garantin sababbin gidaje, wadda aka kafa a 1936, ko da yake akwai wasu masu bayar da irinsa kamar LABC Warranty da Premier Guarantee. Bankunan da ke ba da bashin sayen gida galibi ba sa sakin kuɗi a kan sabon gini sai da irin wannan takarda. An kasa shekara goman kashi biyu. A shekara biyun farko, kamfanin da ya gina gidan shi ke da alhakin gyara duk wani aibi da ya faru saboda bai bi ƙa'idojin gini na hukumar ba, tun daga yoyon famfo har zuwa ƙofar da ta ƙi rufuwa daidai. Daga shekara ta 3 zuwa ta 10 kuwa, abin ya koma inshora da ta shafi manyan sassan gini kawai, wato harsashi da bango masu ɗauke da nauyi da rufi da makamantansu, kuma ko a nan ma sai kuɗin gyaran ya kai wani adadi kafin a karɓi buƙatar mutum. Wannan yana nufin cewa ƙananan matsaloli da matsakaita, waɗanda su ne suka fi damun mai gida a zamansa na yau da kullum, shekara biyu kacal suke da su. Abin da ke ba mutum kwanciyar hankali shi ne, aibin da aka sanar da kamfani a cikin wa'adin yana nan a wuyansa ko da wa'adin ya wuce, muddin akwai shaidar cewa an sanar.

Adalci ne in faɗi cewa ba kowane abu da mai gida ya gani ba ne aibi. Sabon gini yana ɗauke da ruwa mai yawa a cikin siminti da filasta da katako, kuma yakan ɗauki kusan shekara guda yana bushewa, musamman idan aka kunna ɗumama gida a lokacin sanyi. A wannan tsakani siraran tsagewa sukan bayyana a kusurwar bango da gefen matakala da inda silin ya haɗu da bango, kuma irin waɗannan garantin bai ɗauke su a matsayin laifin magini ba. Haka nan firiji da murhu da injin wanke kwanuka suna ƙarƙashin garantin kamfanonin da suka ƙera su. Kamfaninmu ya yi mana wannan bayani dalla-dalla a ranar da aka zagaya da mu gidan, kuma ya ba mu littafin da ke ɗauke da shi a rubuce, don haka ba ni da ƙorafi ta wannan fanni.

Makonnin farko sun yi daɗi ƙwarai. A lokacin ana ci gaba da gina wasu gidaje a layin da ke bayanmu, saboda haka manajan wurin ginin yana nan kullum, kafintoci da masu fenti da masu aikin lantarki ma suna nan. Mun rubuta jerin kurakuran da muka gani bayan tarewa, kamar fentin da ya zuba a kan katakon ƙasan bango, da murfin kabad ɗin kicin da ya karkace, da makunnin wuta guda da ba ya aiki, muka miƙa wa manajan, kuma kafin mu ankara an gama da mafi yawansu. Mutumin kirki ne mai jin magana, wanda idan ya ce za a zo da safe, to za a zo da safe. A daidai wannan lokaci ne ake aiko wa mai saye takardar tambayoyi ta gamsuwa, wadda ke zuwa bayan mako 8, wata kuma bayan wata 9, kuma da irin amsoshin da ake bayarwa ne ƙungiyar masu gina gidaje ta HBF take ba kamfanoni taurari daga ɗaya zuwa biyar. Mun cika ta farko da yabo, domin yabon ya dace da abin da muka gani a lokacin.

Abubuwa sun sauya ne bayan an gama ginin unguwar, an kwashe kwantenonin ma'aikata, an mayar da manajan wani wurin aiki. Daga nan duk wata magana sai ta bi ta ofishin kula da masu saye da ke wani gari, ta waya ko ta imel, kuma a nan ne muka fara sanin wani kamfani dabam da wanda muka saba da shi.

Matsalar da ta fi ci mana rai ta fara ne da wani tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa a silin ɗin falo, daidai ƙarƙashin banɗakin da ke bene. Da farko bai fi tafin hannu ba, kuma idan an shafa shi ana jin ɗan sanyi. Na kira ofishin, wata mata mai ladabi ta karɓi bayanin, ta ce za a turo wanda zai duba. Bayan jira mai ɗan tsawo, wanda ya zo mai fenti ne. Ya ɗaga kai ya kalli silin ɗin, ya ce mini shi takardarsa ta ce ya shafe tabo, kuma ya faɗa da bakinsa cewa shafe shi ba zai hana shi dawowa ba matuƙar ba a toshe inda ruwan ke fitowa ba. Duk da haka ya yi abin da aka turo shi yi, ya shafa maganin hana tabo ya bi da farin fenti, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya tafi. Kafin dare ya yi, saƙo ya shigo mini cewa an kammala aikin an rufe ƙorafina. Ba a jima ba tabon ya sake fitowa ta cikin sabon fentin, wannan karon ya fi faɗi, gefensa kuma ya fara yin baƙaƙen ɗigo-ɗigon funfuna.

Da na sake kira, sai aka buɗe sabon ƙorafi da sabuwar lamba, kamar ba a taɓa jin labarin ba, jiran kuma ya koma farko. Mai gyaran famfo ya zo ya duba gefen wurin wanka, ya ce robar da aka liƙe gefen tayil da ita ce ta saki, ya kankare ta ya zuba sabuwa. Tabon ya ci gaba da girma. Aka sa mana ranar da wani zai zo, na nemi izini a wurin aiki na zauna a gida tun safe, babu wanda ya zo kuma babu wanda ya kira ya ba da haƙuri. Wannan ya faru fiye da sau ɗaya, kuma duk wanda ke aikin albashi a ƙasar nan ya san cewa ranakun hutu a ƙidaye suke, ba abin da za a riƙa zubarwa ba ne a zaman jiran mota. Mun daina amfani da wannan banɗakin gaba ɗaya, muka koma yin layi da yara a ƙaramin, a cikin gidan da muke biyan bashinsa kowane wata. A ƙarshe dai wani dattijon mai gyaran famfo ya zo, ya ce ba zai yi hasashe ba, ya yanke silin ɗin falon murabba'i ɗaya, ya haska tocila, ya sa ni in hau sama in buɗe ruwa. Da na sauko ya nuna mini: mahaɗar bututun da ke fitar da ruwan wanka ba ta zauna daidai ba tun ranar da aka haɗa ta, ruwa yana ɗiga a hankali a kan allon silin, allon ya jiƙe ya yi laushi har yatsa yana shiga. Gyaran bai ɗauke shi rabin sa'a ba. Ramin da ya yanke kuwa ya zauna a saman kujerunmu makonni, an rufe shi da kwali da salatif, muna jiran mai filasta, bayansa kuma muka jira mai fenti.

Na tsaya a kan wannan labari ne domin ya nuna inda cutar take. Ma'aikatan da suka shigo gidana, kusan dukansu, sun san aikinsu kuma sun girmama gidan, suna cire takalmi ko su sa masa leda ba tare da an roƙe su ba. Matsalar tana cikin tsarin da ke turo su. Manyan kamfanonin gini a nan ba su cika riƙe masu sana'a a matsayin ma'aikatansu ba. Suna raba aikin ne ga ƙananan 'yan kwangila, wannan na famfo, wancan na lantarki, wancan na filasta. Idan aibi ya fito, ofishin yakan mayar da shi ga ɗan kwangilar da ya yi aikin tun farko don ya gyara da kuɗinsa, shi kuma a lokacin yana can a wani sabon wuri inda ake biyansa, don haka komawa tsohon aiki shi ne abu na ƙarshe a jerinsa. Ma'aikaciyar ofishin kuma ba ta ga gidan ba, abin da aka faɗa mata a waya take rubutawa, kuma idan ta rubuta tabo, mai fenti za a turo. A fahimtata, abin da ofishin ke lissafawa shi ne yawan ƙorafin da aka rufe, alhali abin da mai gida ke lissafawa shi ne ko ruwan ya daina zuba. Babu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin bin matsala daga farkonta zuwa ƙarshenta, kuma wannan shi ne babban laifin da nake ganin kamfanin.

Ƙofar shiga gidan ma ta ba mu wahala, ko da yake ba kamar yoyon ba. Da sanyi ya kankama sai muka riƙa jin iska tana shigowa ta gefen makulli, kuma idan aka sa takarda a tsakani aka rufe ƙofar, ana zare ta ba tare da ta riƙe ba. An ce mana sai kamfanin da ya ƙera ƙofar ya turo mutuminsa, shi kuma ya ce laifin wanda ya kafa ta ne. Mun yi ta jin gafara sa ba mu ga ƙaho ba har sanyin ya kusa wucewa, kuɗin gas kuma mu ne muka biya.

Inda kamfanin ya cancanci yabo ba tare da wani sharaɗi ba shi ne layin gaggawa. Wani dare a tsakiyar sanyi injin ɗumama gidan ya tsaya, babu ruwan zafi, ɗakuna suka yi sanyi ƙalau. Mun kira lambar da aka ba mu, kuma washegari da safe aka zo aka gyara. Wannan ya tabbatar mini cewa kamfanin yana iya hanzari idan ya ɗauki abu da muhimmanci.

Abin da ya sauya tafiyar al'amarinmu shi ne ranar da na daina kira na koma rubutu, kuma na sa wa saƙon kan magana a fili cewa wannan ƙorafi ne a hukumance. Akwai ƙa'idar ingancin sababbin gidaje da hukumar New Homes Quality Board ta shimfiɗa, wadda ke aiki a kan kamfanonin da suka yi rajista da ita, kuma namu yana cikinsu. A ƙarƙashinta, ana sa ran a gyara ƙananan kurakurai cikin kwana 30 sai idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri. Idan mai gida ya shigar da ƙorafi a hukumance, kamfanin zai amsa cewa ya karɓa cikin kwana 5, ya bayyana hanyar da zai bi wajen warwarewa cikin kwana 10, ya aiko da cikakken bayanin abin da ya gano da matsayinsa cikin kwana 30, sannan idan aka kai kwana 56 ba a gama ba, ya sake rubutowa ya faɗi dalili. Daga nan mai gida yana da damar kai ƙara ofishin New Homes Ombudsman Service, mai sauraron ƙorafin masu sayen sababbin gidaje, wanda ya fara aiki a 2022, ba ya karɓar ko sisi daga mai ƙorafi, kuma yana iya umartar kamfani ya yi gyara ko ya biya diyya. A cikin saƙona na jero kowace matsala da ranar da na fara sanar da ita, da lambobin da aka ba ni, da hotunan tabon yadda ya riƙa girma, da ranakun da aka yi alkawarin zuwa ba a zo ba. Ban yi zagi ba, ban yi barazana ba, na dai nemi a ba ni ranar kammalawa a rubuce da sunan wanda zai bi aikin.

Amsar da ta zo ta fito ne daga wani babba a sashen, kuma shi ne ya turo dattijon da ya yanke silin. Shi ne kuma ya haɗa mai ƙera ƙofa da mai kafa ta a rana ɗaya a ƙofar gidana, inda aka gano cewa gyara maƙalan ƙofar da canza robar gefenta kawai ake buƙata. Na ji daɗin wannan, amma kuma raina ya sosu, domin babu wani sabon bayani a cikin saƙon da ban riga na faɗa a waya ba. Na tuna da maƙwabtanmu tsofaffi da waɗanda Turancinsu bai kai su rubuta irin wannan takarda ba, waɗanda suka biya kuɗi daidai da nawa kuma suke da haƙƙi daidai da nawa. Sashen da sai an nuna masa an san doka kafin ya motsa bai cika alkawarin da aka yi wa mai saye a ofishin talla ba.

Mu ba mu kai ga sauran matakan ba, amma yana da kyau a san da su. Ita NHBC tana da tsarin sasanci na kyauta a cikin shekara biyun farko ga wanda ya bi hanyar ƙorafin kamfani har ƙarshe bai gamsu ba. Takan duba lamarin, ta faɗi abin da ya wajaba kamfanin ya gyara da wa'adin gyaran, kuma idan ya gaza tana iya ɗaukar nauyin aikin. Akwai kuma kotun ƙananan buƙatu a Ingila da Wales, wadda ke sauraron ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba. Ga aibin da ya kai gida bai zaunuwa kuwa, akwai dokar gidaje masu aibi ta 1972, wadda dokar tsaron gine-gine ta 2022 ta tsawaita wa'adin shigar da ƙara a ƙarƙashinta zuwa shekara 15 ga sababbin ayyuka. Abu ɗaya da nake jan kunnen kowa a kansa shi ne kada gajiya ta sa mutum ya kira nasa mai gyara ya ɓalle wurin kafin kamfanin ya gani ya rubuta, domin hakan yana ba su ƙofar cewa hannun wani ne ya ɓata aikin.

A gida Najeriya, wanda ya ba magini aiki yakan riƙe wani abu daga cikin kuɗinsa sai damina ta gwada rufin, kuma wannan ragowar kuɗin ita ce take dawo da shi idan an kira. A nan kuwa lauya yana tura kuɗin gidan gaba ɗaya a ranar kammala ciniki, don haka abin da ya rage a hannun mai saye shi ne takarda da kwanan wata. Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake biyan ƙwararren mai duba gini ba asara ba ne. Ƙa'idar da na ambata ta ba mai saye damar turo irin wannan ƙwararre ya duba gidan kafin a kammala ciniki, kuma duk abin da ya gano a lokacin da ma'aikata suke wurin yana samun gyara cikin sauƙin da ba za a sake samu ba bayan sun tashi. Haka nan, ko an yi magana da manaja a bakin ƙofa ya ce ba komai za a gyara, ya kamata a bi maganar da ɗan gajeren imel a ranar, kuma idan saƙo ya zo cewa an rufe ƙorafi alhali ba a gyara ba, a mayar da amsa nan take a ce ba a yarda ba, a kuma nemi a bar shi a kan lambarsa ta farko.

Idan aka tambaye ni ko zan sake sayen gida a hannun wannan kamfani, zan ce zan iya, saboda ginin kansa mai kyau ne, yana riƙe ɗumi, kuɗin wutarsa da gas ɗinsa kuma sun fi na gidan hayar da muka baro sauƙi. Ga ingancin gini zan ba shi huɗu cikin biyar, ga layin gaggawa biyar, ga sashen gyare-gyare na yau da kullum kuwa biyu, kuma biyun ma saboda ma'aikatan da suka shigo gidan ne. Wanda aikinsa bai ba shi damar zaman jira a gida ba, ko wanda rubuta ƙorafi yake yi masa nauyi, ya sa wannan a cikin lissafinsa kafin ya biya kuɗin kama gida.

Har yanzu akwai aiki ɗaya da ya rage tsakaninmu da su. Ruwa yana kwanciya a lambun gidan kusa da ƙofar kicin duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, kuma ƙa'idojin NHBC sun ce kada filin da ke cikin mita 3 daga gida ya zama matattarar ruwa. Na sanar da su a rubuce tare da hotuna, sun amsa cewa alhakinsu ne, sun kuma ba da watan da za a zo a haƙa magudana. Kafin shekara biyun su cika, na riga na yi magana da mai duba gini ya zo ya bi gidan tun daga ƙarƙashin rufi har ƙasa, domin duk abin da ya gano ya shiga hannun kamfanin a rubuce tun wa'adin yana nan.